Baƙon Malami a Kibiya

Da aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta a 1976, ɗalibai suka yi yawa, malamai suka yi kaɗan. Makarantun Arewa, musamman na sakandare, suka cika da malamai 'yan Gana da Indiya da Pakistan. To, a ce takardar wani ɗan Gana daga cikinsu ta nuna ƙasar Rano, can Kibiya.

Bawan Allah ya zo koyarwa, amma shi za a fara koya wa. Daga ƙofar gida zuwa makaranta sai ya amsa ina kwana, ina gajiya, ya baƙunta, ya mutanen gida, alhali mutanen gidan suna Kumasi. Kafin ya kai aji an kusa tashi tara. Da magariba ga kwanukan tuwo daga maƙwabta, kowanne da miyar kuka, kuma mayar da kwano a cike cin fuska ne. Haka zai zauna ya yi ta fama shi kaɗai, yana zufa.

Sunansa na takarda kuwa ba mai wahalar da harshensa a kai. Yara sun riga sun raɗa masa wani, kowa ya sani ban da shi. Da damina ta sauka ya kira rajista, rabin ajin na gona.

Sai da cikinsa ya saba da kuka, a Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ce baƙi marasa takardu su tattara nasu-ya-nasu. 'Yan Gana da yawa suka koma gida, har da malamai.