Ni da Kwamanda a Iyakar Sinkase

Dapango, ƙasar Togo
Yuli 2025

Zuwa ga bawana, ɗan Goggo,

Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da karnukan farautar nan naka masu haƙarƙari a waje. Ka gaida Goggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta yana nan garau, bai rame ba, bai kuma bar salla ba. Wannan na ƙarshen ka maimaita mata, don na san direbobin Maraɗi sun riga ni kawo labari gida. I, gaskiya ne. An gan ni a gaban tirela da kan kare a cinyata, mun nufi Burkina. Tun da dai za a yi da ni a majalisar ƙofar gida, gara a ji daga bakin mai ita.

Cikin masu sayen tsirena a Zangon Sokode akwai wani likita, mutumin Burkina, da ya daɗe yana aiki a garin. Kullum bayan magariba sai ya zo a ƙasa, riƙe da igiyar karensa, wai suna motsa jiki. Karen irin na Jamus ne, wanda 'yan sanda ke riƙewa, tsayinsa ya kai ƙuguna, sunansa Kwamanda. Ka san Jamusawa ne suka fara kafa bariki a Sokode a ƙarshen ƙarni na 19, aka kore su a 1914, to mutanen unguwa cewa suke wannan shi ne Bajamushen da aka manta ba a tafi da shi ba. Ba ya jin Hausa, ba ya jin yaren Kotokoli, sai Faransanci. Ban da ubangidansa kuwa, duk garin mutum ɗaya yake yi wa biyayya, ni. Kada ka ce kwarjini ne, ba ni da shi. Ƙanshin yaji da kitse ne ya kama rigata.

Da aikin Likita ya ƙare, ya kwashe iyali da kaya zai koma garinsu Tenkodogo, sai masu bas suka ce ko da kuɗin kujera biyu kare ba zai hau ba. Akuya tana hawa saman mota, kaji suna kwana ƙarƙashin kujera, amma kare a'a. Shi ne aka ce a nemo mai tsire.

Ban amsa ba sai da na je wurin malamin unguwarmu. Ya ce mu Malikawa ne, a wurinmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwaryar da ya sa baki a ciki ce ake wankewa sau bakwai, kuma an yarda a riƙe shi don farauta ko tsaron gona da dabbobi. Ya tuna mini Ashabul Kahfi ma da karensu suka yi hijira. Sannan ya tambayi nawa za a ba ni. Da na faɗa, ya ce in Likita yana da wani karen a sanar da shi. Ka karanta wa Goggo wannan wurin a hankali.

Yanzu ga inda abin ya tsaya mini a rai. Ashe Kwamanda yana da littafi. Littafi sosai, mai bango, da hotonsa a shafin farko, ya ɗaga kunnuwa yana kallon mai hoto. An rubuta sunansa, da launin gashinsa, da ranar da aka haife shi, da wata, da shekara. Ni kuwa ka san abin da ke cikin katina na ɗan ƙasa: an haife ni "wajejen 1988". Goggo ta ce shekarar da fara ta cinye gero ce, hukuma kuma ta ce ba za ta rantse ba. A kowane shafi an liƙa 'yar takardar kwalbar allurar da aka yi masa, da hatimi, da sa hannu. Bayan wannan, a ƙarƙashin fatar wuyansa akwai wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba. In aka kara wani abu mai kama da wayar hannu a wurin sai ya yi ƙara, lamba mai alƙaluma 15 ta fito, wadda duk duniya ba wani kare mai irinta. Ko laya ba a ɗinka ta da kyau haka.

Likita ya sabunta masa allurar haukan kare kafin ya tafi. Ana gab da tashinmu na kai shi wurin likitan dabbobi don takardar shaidar lafiya, tun da ita ba ta daɗewa take mutuwa. Ya duba haƙoransa, ya leƙa kunnuwa, ya saurari ƙirji, ya auna zafin jikinsa ta inda ba zan rubuta ba tun da Goggo na saurare. Kwamanda ya juyo ya kalle ni, ni kuma na kalli rufi. Mutumin ya ce tamu mai sauƙi ce. Da Turai za shi daga nan, sai an jira kwana 30 bayan allura, a ɗebi jininsa a aika ɗakin gwajin da Turawan suka amince da shi, in ya ci jarrabawa a ƙara jiran wata 3. Amurka tun Agustan 2024 ba ta karɓar karen da bai kai wata 6 ba, ko wanda ba shi da na'urar wuya. Ingila kuwa har zuwa 2000 duk karen da ya sauka sai ya yi wata 6 a tsare. Na tuna da kai da maganar Turai da ka dame mu da ita. Su dai karnuka in sun cika sharuɗɗa ana barinsu su shiga. Ka yi tunani a kai.

Na sami wuri a tirelar wani ɗan garinmu da ya ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwan Lome zai kai Yamai. Da ya gan mu tafe ya kira yaronsa ya ce ya matsa, yau karnukan motarsa biyu ne. Yaron bai yi dariya ba.

Daga Sokode zuwa Dapango kusan kilomita 300 ne a kan babban titin da ya tsaga Togo tun daga teku har iyaka. Muka hau duwatsun Alejo, muka sauka Bafilo, ba abin da ya faru ban da amai ɗaya, kuma ba na Kwamanda ba ne. Sai Kara.

Bawan Allah, duk cikin watannin shekara ba wanda ya kai Yuli rashin dacewa a ratsa Kara da ƙosasshen kare. Lokacin Ebala ne, kokawar samarin Kabiye. Gari ya cika, ana ta kiɗa, samari sun shafe jiki da farar hoda suna kayar da juna, har shugaban ƙasa kan zo kallo. Da a Maraɗi ne da filin kokawa bai ɗauki jama'a ba. Abin da ya shafe ni shi ne, a al'adarsu saurayin da ke wannan mataki naman kare yake ci don ya sami ƙarfi da juriya. Ban ga laifinsu ba, kowa da abincinsa, su ma in suka ga muna tauna fara da yaji tsayawa suke suna kallonmu. Amma ni amana aka ba ni. Mun tsaya shan mai, wani dattijo ya leƙo taga, ya gaishe ni da ladabi, idonsa a kan cinyar Kwamanda. Ya taya. Na ce ba na sayarwa ba ne. Ya ƙara. Direba ya fara lissafi da yatsu, yana cewa ai a hanya komai na iya faruwa, kare na iya tsalle ya gudu. Na ce masa wannan karen lambarsa tana cikin kwamfuta, in ya ɓace har Jamus za a ji. Ban san ko haka ne ba, shi ma bai sani ba, muka tashi.

Da muka ƙetare kogin Oti a Mango sai fuskar hanya ta canza. Shinge bayan shinge, sojoji da jandarma, a sauko, a nuna kati, a buɗe jaka. Ba wasa suke ba, kuma suna da dalili. A Mayun 2022 'yan bindiga suka kashe sojoji 8 a Kpekpakandi, kusa da iyakar Burkina, wata ɗaya bayan nan aka sa dokar ta-ɓaci a duk yankin. Kowa a nan yana magana ƙasa-ƙasa. A wani shingen, ina miƙa katina, Kwamanda ya hango akuya ya yunƙura. Kalmomin Faransanci uku Likita ya koya mini, na zauna da na kwanta da na zo nan. Na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Kwamanda, kushe!" Wato ya kwanta. Wuri ya yi tsit. Ashe mutumin da ke tsaye bayana, mai igiyoyi a kafaɗa, shi ne kwamandan wurin. Direba ya fara salati. Na zaro littafin na buɗe shafin hoto da hannu biyu. Ya duba hoton, ya duba karen da ya riga ya kwanta, ya duba ni. Sai ya kira yaransa ya ce su zo su ga takwaransa, shi dai ana ba shi umarni sau ɗaya yake bi. Katina ko buɗe shi bai yi ba.

Muka kwana Dapango, garin Moba da Gurmawa, wurin Hausawan zango. Mai masauki ya ce ni in shiga, baƙona ya kwana ƙarƙashin mota. Baƙon ya ƙi, ya yi ta haushi har liman ya aiko. Ƙarshenta ni ma ƙarƙashin motar na kwana.

Daga Dapango zuwa Sinkase bai kai kilomita 40 ba. Gari ne rabinsa Togo rabinsa Burkina, Gana kuma ga ta nan kusa, kasuwa ko'ina, tireloli sun yi layi ba a ganin ƙarshensu. Ma'aikatan ƙasashen biyu a haraba ɗaya suke aiki. Muna jira gardama ta kaure tsakanin direbobi a kan ko Kwamanda ɗan wane ɓangare ne, tun da Nijar da Burkina da Mali sun fita daga ƙungiyar CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025 sun tsaya a kan ƙawancensu na AES. A Togo aka haife shi, ubangidansa ɗan Burkina ne, kakanninsa Jamusawa, ɗan rakiyarsa Bamaraɗe. Ba a gama ba aka kira mu. Jami'in dabbobi ya duba ranar allura, ya duba takardar lafiya, ya gwada lambar da ke littafi da ta takarda, ya buga hatimi. Ko shayin da na saya bai huce ba. Ni kuwa sai da na amsa daga ina, zuwa ina, wurin wa, sana'ar me, ina katin allurar shawara. Kakanninmu fatake da suka bi ta ƙasar Kotokoli da Mango zuwa Gwanja sayen goro, har suka bar mana zango a kowane gari, gaisuwa suke kai wa sarakuna su wuce. Ba wanda ya taɓa tambayar madugu ranar haihuwar jakinsa.

Likita yana tsaye a ɗaya gefen. Kwamanda ya fizge igiya ya yi kansa, ko waiwaye. Duk tsiren da ya ci.

Da na yi wa Likita ƙorafin takardun, bai yi dariya ba. Ya ce shi ya taɓa tsayawa a kan yaron da haukan kare ya kama, ba ya son ya sake gani. Ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, da yawansu yara, kuma kusan kowane daga cizon kare ne. In alamun suka bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, to sai dai addu'a. Alhali allurar tana nan tun 1885 da Bafaranshen nan Pasteur ya fara gwada ta a kan wani yaro. Ya ce in aka yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ba ya samun hanya. Saboda haka ka ji da kyau, wannan ba wasan taubashi ba ne. Ka kai 'yan kwarangwal ɗin nan naka wurin likitan dabbobi. In kuma kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen ko jiran a ga ko zai haukace.

Direba ya wuce. Tun juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil ba ta koma yadda take ba, don haka kayan Nijar sai sun zagaya ta Kupela da Wagadugu da Kaya da Dori da Tera, a ayari, da rakiyar sojoji, wani lokaci a yi makonni ana jiran tashi. Kwamanda ya ci abincin dare a gidansu a ranar. Buhun shinkafar da na ba direba ya kawo wa Goggo kuwa, ku sa ido wajen kaka. Kuɗin shararka na bana suna cikin bakin buhun, a ƙulle a leda. In ka ce ba ka gani ba na san ƙarya kake.

Ina nan Dapango ina jiran motar Sokode sai ga wayar Likita. Wai matarsa ta bar aku wurin maƙwabta, irin mai toka-toka da jan wutsiya, ko zan taimaka. Na tambaya, aka ce shi takardunsa sun fi na kare, don tun 2017 yarjejeniyar kare namun daji ta duniya ta sa shi cikin waɗanda aka fi tsanantawa, sai ƙasar da zai bari da wadda zai shiga kowace ta ba da izini. Na ce ni na gaji, amma ina da taubashi a Maraɗi da ba ya aikin komai sai surutu, in an haɗa su ba wanda zai ji nisan hanya. Ka shirya katinka, ka zo da hoto biyu.

Ubangidanka,
mai tsiren Zangon Sokode