Kowa Ya Zama Ɗan Dako

A da, kaya ake ɗauka: buhun gero, tulu, dami. Amma tun da Turanci ya samu gindin zama a bakin 'yan boko, komai ɗaukarsa ake yi. Da safe Oga ya ɗauki shayi, ya ɗauki magani, sannan ya ɗauki lokacinsa. Sabon kwamishina ma rantsuwa ya ɗauka, ko gammo babu. Gwamnati kuwa, in ji rediyo, kullum tana shirin ɗaukar mataki. Matakin nan dai da nauyi yake, shekara da shekaru an kasa cicciɓarsa. Ya kamata 'yan dakon Kantin Kwari su kai ƙara, ana yi musu kutse a sana'a daga ofis.