Yadda Ake Auna Giyar 'Yan Gayu Ba Tare da An Kurɓa Ba

A Turai da Amurka giya iri biyu ce: ta manyan kamfanoni da ke jibge a kowane kanti, da ta ƙananan masu dafawa wadda 'yan gayu ke bin layi su biya ninkin-ba-ninkin. Mashayan can sun daɗe suna musu a kan ko ta biyun ta ci kuɗinta. Tunda yawancinmu ba ma sha, mu ya dace mu raba gardamar, don ba a son alƙali ya ɗanɗana kayan shari'a. Ga yadda ake yi.

Da farko, tambayi abin da ke cikin kwalbar. Tun 1516 dokar Bavariya ta Jamus ta ce ruwa ne da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hops. Yisti ya shiga lissafi daga baya. Har gobe su ne ginshiƙi, ko a kwalbar dala biyu ko a ta ɗari biyu. A yi adalci, ƙaramin mai dafawa ba ya samun rangwamen sari, kuma yakan zuba furen nan ba ƙyashi. To in ka ga mutum ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya gyaɗa kai yana yabo, ɗaci ya saya da tsada.

Na biyu, duba rigar da aka sa mata. A 2010 kamfanin BrewDog na Sikotland ya fitar da kwalabe 12 kacal masu ƙarfin barasa kashi 55 cikin ɗari, aka cusa kowace kwalba a cikin busasshiyar gawar ƙaramar dabba, har da kurege, wuyan kwalbar na leƙowa ta baki. Farashi fam 500 zuwa 700. A nan sai ka ware kuɗin kuregen gefe guda, abin da ya rage shi ne kuɗin giya.

Na uku, auna wahalar samu. Masu zuhudun Kirista na Westvleteren a Beljiyam kaɗan suke dafawa. Sai ka yi rajista ta intanet, ka ba da lambar motarka, a yanka maka rana, sannan ka yi alkawarin ba za ka sayar ba. Su farashinsu da sauƙi; masu saɓa alkawarin ne ke tsuga kuɗi a waje. Kenan mai saye a wajen masu saɓa alkawarin ladan cin amana yake biya.

Na huɗu, bincika ko hukuma ta hana. Utopias ta kamfanin Samuel Adams, mai ƙarfin kashi 28, dala 240 aka sa mata a 2021, kuma jihohin Amurka 15 ba su yarda a sayar da ita ba. Babu tallar da ta kai a ce wa ɗan gayu an hana.

Na biyar, tono mai kamfanin. Goose Island ta Chicago da sunan ƙaramin gida ta yi tashe, sai ga shi a 2011 katafaren kamfanin Anheuser-Busch ya saye ta. Mashayin da ke gudun babban kamfani ya ci gaba da kai masa kuɗi ta ƙofar baya, yana alfahari.

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma ba a taɓa jin kuɗin da ya shiga mashaya ya gane hanyar gida ba. Hukunci dai shi ne: kaɗan daga cikin ƙarin kuɗin na kayan haɗi ne, saura kuwa na labari ne da layi da son a sani. Kai kuma mai karatu, kafin ka gama yi musu dariya, duba nawa ka biya zoɓon nan na kanti mai kwalba da tambarin Turanci.