Katin Memori da Mutanensa, daga Shika zuwa Sabon Gari

Katin memori irin na SD, wanda yawancin kyamarorin hannu ke aiki da shi, ɗan falle ne na roba mai tsawon milimita 32 da faɗin milimita 24. Kamfanonin SanDisk da Panasonic da Toshiba ne suka fito da shi a 1999, kuma tun daga wancan lokaci ya shahara da ƙin aiki a ranar da aka fi bukatarsa. In ya tashi gardama, kyamara ce ke kai ƙara: Canon ta rubuta Err 02, wasu kyamarorin Nikon su yi ta ƙyafta CHA ko FOR, ƙananan kuma su ce sam ba su ga kati ba. A ƙasar Zazzau matsalar tana da ranakunta: bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, hawan sallah, da kowace Asabar ta ɗaurin aure. Waɗanda ta sama kuwa hanyarsu ɗaya ce, daga Shika ko Samaru a miƙe zuwa Kwangila, a gangara PZ ko kasuwar Sabon Gari wurin masu gyara.

Binciken matsalar yana da tsari, daga mai sauƙi zuwa mai wuya: makulli, haƙoran kati, girmansa, tsarin ajiyarsa, sannan ingancin katin kansa. Kowane mataki da mutuminsa, kuma duk wanda ya daɗe a bencin shagon gyara yakan gane mutumin tun bai zuge jakarsa ba.

Na farko shi ne mai makulli. A gefen hagu na katin akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa sama ko ƙasa. In ya sauka, kyamara ba za ta rubuta komai a katin ba, ba kuma za ta goge ba. Maɓallin ba shi da haɗi da lantarkin cikin kati, kyamarar ce ke lalubar inda ya tsaya. Mai makulli yakan taso tun daga Shika, ya biya kuɗin mota, ya iso da dogon labari wanda ya haɗa da ruwan saman shekaranjiya da wani yaron gida da ake zargi. Mai gyara ya sa farce ya tura maɓallin sama, kyamara ta kama aiki. Maimakon murna, sai mutumin ya tsaya yana jujjuya katin, ya ce, “Shi ke nan, Malam? A dai ƙara dubawa.” Ba ya so a ji cewa farce ne maganin abin da ya hana shi barci. Ƙanensa shi ne wanda maɓallin nasa ya saki, yana sauka da kansa duk sanda aka tura katin, kuma shi ya san darajar salatif.

In makulli lafiya, sai a duba haƙora. Katin SD yana da haƙoran ƙarfe tara a bayansa, ƙaramin na waya kuma, microSD, yana da takwas. Ƙurar hunturu da gumin hannu da danshin watan Agusta sukan rufe su. Gyaran shi ne a kashe kyamara, a zare katin, a goge haƙoran da busasshen ƙyalle mai laushi, a mayar. Mai hurawa ya san rabin wannan karatu. Yana zare kati sai ya hura masa iska da baki, ya hura ramin kyamara, tare da yawu da ɓarɓashin goro. In bai yi ba, ya goga shi a hannun rigar shadda. In har yanzu bai yi ba, ya waiga ya ga ba mai kallo, ya lasa. Akwai masu shanya shi a rana, akwai masu binne shi cikin shinkafa. Abin da ya raya wannan ɗabi'a shi ne wani sa'in takan ci, domin zarewa da mayarwar kaɗai sukan gyara zaman kati, sai iskar bakin ta kwashe yabo. Mafi haɗari a wannan dangi shi ne mai ƙarfi, wanda bai yarda kati yana da gaba da baya ba. A tsofaffin manyan kyamarori masu katin CompactFlash akwai allurai 50 a cikin ramin, kuma da ya lanƙwasa guda ɗaya matsalar ta bar kati ta koma kan kyamara, kuɗin gyara ma ya sauya aji.

Mataki na uku girman kati ne, kuma nan ake haɗuwa da Alhaji mai kyamarar Makka. Ya sayo ta wurin aikin hajji tun zamanin Obasanjo, yana ajiye ta cikin jakarta ta asali, lafiyarta ƙalau. Sai ɗansa ya kawo masa tsarabar kati mai giga 64. Katin SD na farko bai wuce giga 2 ba. A 2006 aka fito da SDHC mai kaiwa giga 32, a 2009 aka fito da SDXC mai kaiwa tera 2. Siffa ɗaya, rami ɗaya, amma tsarin ajiya daban: FAT16, FAT32, exFAT. Sabuwar kyamara tana karanta tsohon kati, tsohuwa ba ta karanta sabo. Alhaji ba ya karɓar wannan bayani.

“Ya shiga ko bai shiga ba?”

“Ya shiga, Alhaji.”

“To?”

Maganinsa kati mai giga 2, wanda a yau sai an sha yawon shaguna kafin a same shi. Jikansa na zamani shi ne mai ɗaukar bidiyon biki da kati mai nawa. Lambar da ke cikin ɗan da'ira a jikin kati saurin rubutunsa take nunawa, 4 na nufin megabait 4 a daƙiƙa, 10 na nufin 10. Kati mai lamba 4 yakan yi haƙuri da jawabin waliyyi, ya tsayar da bidiyo daidai lokacin da amarya ta shigo.

Mataki na huɗu tsarin ajiya ne, kuma mai gaggawa ba ya bukatar dogon bayani. Jar fitilar nan da ke ƙyaftawa a bayan kyamara tana nufin ana cikin rubutu a kati. Shi yakan zare kati ko batir a daidai lokacin, saboda mai wankin hoto zai rufe shago. Rubutun ya yanke a tsakiya, tsarin ajiya ya birkice.

Mai kati ɗaya ya fi shi ban tausayi. Katinsa microSD ne cikin adafta. Da safe yana waya, da rana yana kyamara, da yamma yana rediyon MP3 na maƙwabci, cike da wa'azi da waƙoƙin fim. Ya zagaya duk kwamfutocin shagunan buga takardu da ke bakin ƙofar jami'a, inda ya kwaso bairos ɗin nan mai ɓoye manyan fayil-fayil ya bar inuwarsu. Hotunan suna nan a cikin jakarsu ta DCIM, an dai ɓoye su ne, kuma wanda ya san kwamfuta zai fito da su cikin ɗan lokaci. Sharaɗin shi ne katin ya isa hannun mai gyara kafin ya faɗa hannun injiniyan benci.

Injiniyan benci ba mai shago ba ne, ba yaron shago ba ne, ba kuma wanda ya san sana'arsa. Yakan iso da hantsi, ya zauna a ƙarshen benci wajen inuwa, da filas rataye a wuya tare da makullin wani babur da ba a taɓa gani ba. An ce ya taɓa yin kwas a wata makarantar kwamfuta da tuni ta zama shagon sayar da katifa. Kowa “Oga” ne a bakinsa, mace kuma “Hajiya” ko da 'yar aji ɗaya ce a jami'a. Cuta ɗaya ya sani, magani ɗaya. Tun mai kyamara yana tsallako kwata, bai ko yi sallama ba, injiniya zai girgiza kai ya ce, “Bairos ne.” In mai gyara ya shiga masallaci ko ya tafi sayen abinci, to ta faru. Injiniya ya miƙa hannu cikin ladabi, ya ce, “Kawo mu gani, Hajiya, ƙaramin abu ne.” Babban yatsansa ya san hanyar zuwa fomat a kowace irin kyamara, ko da an saita ta da Japananci. Kyamara takan yi gargaɗi cewa za a rasa duk abin da ke cikin kati, ta nemi a tabbatar. Yakan tabbatar kafin mai ita ta gama karanta layin farko. Alamar matsala ta ɓace, kyamara ta nuna kati fes, injiniya ya dubi jama'ar benci ɗaya bayan ɗaya yana jiran a yaba.

“To ina hotunan sunan?”

“Waɗanne hotuna?”

“Na sunan jikata, shekaranjiya.”

“Ai ba ki ce akwai hotuna ba, Hajiya. Kuma ko da akwai, bairos ya riga ya cinye su.”

Abin haushin shi ne maganinsa na gaskiya ne, lokacinsa ne ba daidai ba. Yin fomat a cikin kyamarar da za ta yi aiki da katin shi ne gyaran da kamfanonin kyamara da kansu ke bayarwa ga tsarin ajiya da ya birkice, amma bayan an kwashe abin da ke ciki. Ko bayan ɓarnarsa ma akwai sauran dama. Fomat na gaggawa tamkar a shiga Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke jami'ar ne a ɗauke kundin da ke nuna inda kowane littafi yake, alhali littattafan suna nan a kan kantocinsu. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva sukan bi katin lungu-lungu su tsinto hotunan, muddin ba a rubuta wani sabon abu a kansu ba. Ka'idar ke nan: a zare katin nan take, kada a sake ɗaukar ko hoto ɗaya. Injiniyan benci kuwa ba ya miƙa kyamara sai ya gwada aikinsa. Ya ɗauki mai shayi, ya ɗauki keke-napep da ke wucewa, ya ɗauki fuskar Hajiya tana salati, kowane hoto yana hawa kan jikarta. In kyamarar Canon ce, akwai wani ɗan akwati na fomat mai zurfi, wanda ke share katin baki ɗaya. Yakan zaɓe shi, wai ya fi ƙarfi. Washegari da hantsi yana nan a ƙarshen benci, kuma za a ba shi wuri, don shi ke kawo labarin ƙwallo.

Sauran ƙananan iri ba su da wuyar ganewa. Akwai ɗalibin digiri na biyu da ya yi damina biyu yana ɗaukar hoton gonar gwaji a Samaru ko shanun Bunaji a Shika, duk a kati ɗaya, ba kwafi ko'ina, ga ranar kare bincike ta matso. Akwai wanda kyamararsa ta ce kati ya cika alhali babu komai a ciki, saboda lambar hotuna ta kai 9999 a jaka ta 999, sai an mayar da ƙidaya farko. Akwai mai zuwa rigima don katin giga 64 ya nuna wajen 59 a kwamfuta, alhali bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da kwamfuta. Akwai kuma mai tara matattun katuna a gwangwanin madara, yana jiran ranar da ilmi zai ci gaba a tashe su. Irin wannan gwangwani yana nan a durowar mai wannan rubutu, kuma ba na sayarwa ba ne.

Daga nan raha takan fara raguwa. Kyamarori da yawa suna yarda su yi ƙara su yi walƙiya ko babu kati a ciki, in an saita su haka. Mai walƙiya ya san wannan. Katinsa ya mutu tun da safe a filin yaye ɗalibai, amma ya ci gaba da jera iyayen da suka zo daga Giwa da Funtuwa da Birnin Gwari, yana gyara wa ɗalibi hula, yana karɓar rabin kuɗi. Da yamma wayarsa a kashe.

Mataki na ƙarshe shi ne ingancin kati, kuma mutuminsa mai sayar da jabu ne. Katin jabu ƙaramin kati ne, mai giga 4 ko 8, da aka sauya masa bayanin ciki har yake gaya wa kyamara da kwamfuta cewa shi 64 ne ko 128, aka manna masa tambarin babban kamfani. Yakan yi aiki lafiya a gaban mai saye, ya yi lafiya a makon farko. Da ainihin wurinsa ya cika, sai sababbin hotuna su hau kan tsofaffi ko su tafi iska, alhali sunayensu suna nan jere kamar ba abin da ya faru. Wannan ita ce matsalar da ba farce, ba ƙyalle, ba PhotoRec, domin abin da ba a taɓa rubutawa ba babu mai dawo da shi. Da irin wannan kati ake rasa hoton ɗaurin aure, da hoton ƙarshe na tsohon da ya rasu bayan sallah, ake kuma zubar da mutuncin mai hoton da bai ci amanar kowa ba. Mai sayarwar ya san abin da ke hannunsa, don ya san nawa ya saro shi. In an dawo masa da kati, sai ya ce kyamara ce, ko ya ce bairos ne, ko ya nuna rubutun da ya manna cewa kayan da aka saya ba a mayarwa. Sauran mutanen bencin rashin sani ne ke ɗawainiya da su. Wannan ha'inci ne tsagwaronsa, kuma ya kamata shugabannin 'yan kasuwa su ɗauke shi a haka.

Gano jabu ba shi da wuya. Manhajar H2testw, wadda wata mujallar kwamfuta ta Jamus mai suna c't ta fitar kyauta, takan cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin girmansa. Gwajin babban kati yakan ci awa ɗaya ko fiye, kuma ana yin sa ne tun katin yana sabo, kafin ya ga biki. Katin da ya faɗi gwaji a mayar wa mai shi a ranar, da rasit a hannu, a gaban maƙwabtan shagonsa.