Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarauniyar Gara

Zuwa ga Mai Martaba Sarauniyar Gara,
Fadar Ƙarƙashin Suri,
Bayan Katangar Gidana.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa gare ki, da sarkinki, da zago masu tsaron ƙofa, da dubban bayin da ke yi miki hidima. Lafiyarku kam ba sai na tambaya ba, na ga shaidarta a ƙyauren ɗakin girkina. Na biyo ta jarida ne saboda an ce tun ranar da kika shiga ɗakinki ba ki sake leƙo waje ba, ciki ya yi miki nauyi, ba ki da aiki sai zuba ƙwai dubbai a kullum. Ma'aikatanki kuma makafi ne, in takarda ta shiga hannunsu ba karantawa suke yi ba. Saboda haka in wannan ta iso gare ki da gefe a gaigaye, kin san wanda za ki tuhuma.

Bari in fara da ƙyauren. Daga waje fes yake, fenti na ƙyalli. Na dafa shi da yatsa, sai yatsan ya nutse, jar ƙasa ta zubo mini a ƙafa. Ashe yaranki sun cinye katakon kaf, sun cike gurbin da laka, sun bar mini fenti a tsaye. Ko ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin titi yakan bar kwaltar da ta fi wannan kauri. Da na bi ɗan siririn layin lakar da ya hau bango, sai ya kai ni bayan durowa, ya kai ni cikin akwatin takardu. A can na tarar an cinye takardar sayen filin nan tun daga sunan mai sayarwa har sa hannun shaidu, an bar mini ledar da na saka ta ciki. Wa ya aike ku? Zogalen uwargida da ɗan dashen mangwaron da muke ba ruwa da bokiti duk rani, su ma kun yafa musu laka har wuya.

Na san abin da za ki ce, don haka kada ki wahalar da bakinki. Za ki ce wurin nan gona ce kafin a yanka filaye, kuma surinki na tsaye tun gari bai yi mafarkin isowa nan ba. Gaskiya ne. Leburori sun rushe surin da diga aka yi murna, alhali ke kina can ƙasa ko gezau. Magini ya binne kututture da guntayen katakon zuba kankare a cikin cikon daɓe. Bututun banɗaki na yoyo ta ƙasa, ruwan na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga a gindin bango dare da rana. Ku da ba ku jure bushewa, an haɗa muku ci da sha a wuri guda. Kakanninmu da azarar giginya suke rufi, wadda ke gagarar bakinku, su ɗora rumbu a kan duwatsu, su barbaɗa toka. Mu kuwa kuɗi kan ƙare ne daidai lokacin da gini ya kai rufi, sai a sayo farin katako mai laushi, kafinta ya shafa baƙin mai a gefen da mai gida zai gani, ya ce, "Alhaji, wannan har jikokinka." To amma, ranki ya daɗe, don an bar ƙofa a buɗe ba a ce baƙo ya cinye ƙofar ba.

Mai feshi ma ya zo, da jarka marar suna. Da na tambayi abin da ke ciki, sai ya rage murya ya ce haɗi ne na musamman. Irin magungunan da aka yaƙe ku da su a da, su aldrin da dieldrin, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta haramta su, saboda suna daɗewa a ƙasa da jikin mutum. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben dichlorvos a kasuwa, dangin fiya-fiyar nan da ake yayyafawa a ɗaki kamar turare. Ko mene ne a jarkar, mu muka kwana gidan maƙwabta da ciwon kai, ƙadangaru suka baje a tsakar gida. Da sati ya zagayo, ga sabon layin laka, ɗanye shar.

Akwai wani asiri naki da nake riƙe da shi. A 2007 masana a Landan sun bi salsalarku, suka ce ku reshe ne na dangin kyankyaso. Sarauniya guda, 'yar uwar mai kwana a masai! Ban gaya wa kowa ba tukuna.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kuna da sana'a. Ku manoma ne, kuna tauna itace ku shimfiɗa shi a fada, ku noma naman gwarin da kuke ci a kai. A ƙasar Tawa, manoma kan haƙa ramukan tassa a fako, su zuba taki, ku zo ku huda ƙasar ruwa ya samu hanyar shiga, gero ya tsaya inda ko ciyawa ba ta fita. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso da taimakonku ya mayar da fako daji, har aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood a 2018. A can ana neman ku da taki, a nan kun tare a silin ɗina. In kuɗin mota ne matsalar, ki faɗa.

Kada kuma ki kawo mini zancen shinge. Na yarda, in ruwan farko ya sauka 'ya'yanki masu fiffike suka yi wa fitilar ƙofar gida dafifi, yara kan ajiye baho da ruwa su kwashe, a soya da gishiri da yaji, ni ma nakan sa hannu. Amma a yi lissafi tsakani da Allah: kwanon shinge ɗaya a shekara, da rufin ɗaki uku. Ko a kasuwar Kurmi ba a irin wannan cinikin.

Ga sulhun da na kawo. Busasshen ganye, karan masara da kashin awakin da ke bayan katanga, na bar miki halak malak. Ni zan gyara bututun, in ɗaga itacen girki daga jikin bango, in mayar da ƙyaure na ƙarfe. Daga katanga zuwa ciki kuma ba ke ba shiga. In na sake ganin laka a bango, zan kankare ta in bi sawunta da diga har fada, kaji da zabi na biye da ni, kuma kin san su ba sa jin ban haƙuri.

Naki mai haƙuri,
Mai gidan da kike ci.

Ƙarin bayani: Maƙwabcina na gabas ya sauke sabon katako mota guda jiya, ya jibge a ƙasa, ko baƙin mai ba a shafa ba. Ni dai ban ce komai ba.