Masoyan Littafin da Ba Su Karantawa

A kasuwar tsofaffin littattafai ta Landan da New York, ba abin da ke karya darajar littafi kamar alamar an karanta shi. Wannan ƙa'ida ta haifi wasu bayin Allah da dariya ta halatta a kansu. Sai dai a ganina, ba don su ba, da rabin abin da manyan ɗakunan karatu ke taƙama da shi gara ta daɗe da cinyewa.

Babbansu shi ne Malam Kar-a-taɓa. A da, akan buga shafuka da yawa a babbar takarda ɗaya a ninke, sai mai saye ya sa wuƙa ya tsaga bakin ninkin kafin ya samu karatu. To shi malamin nan wanda wuƙa ba ta taɓa ratsawa ba yake nema. Zai zuba kuɗi don a tabbatar masa shekara 200 ba wanda ya san abin da ke ciki, shi ma kuma ba shi da niyyar sani. Ka miƙa masa littafi, da hanci zai fara, yana neman warin danshi, sannan ya ɗaga warƙa ga haske yana farautar ɗigon tsatsa. Ƙanensa kuwa riga yake wa hidima. Bugun farko na The Great Gatsby na 1925, in ba rigar takardar da aka naɗe shi da ita, 'yan dubban daloli ne. In tana nan lafiya lau, ya kan haura dala 100,000. Abin da masu sayen farko suka yage suka yar ya fi labarin da Fitzgerald ya rubuta a ciki tsada nesa ba kusa ba.

Sarkin Fata bai damu da wanda ya rubuta ba, wanda ya ɗinka yake tambaya. Ya shafa gadon bayan littafi, ya ƙirga ƙullin ɗinki, ya yaba zanen ruwan zinariya. Shi kam sai mu yi masa sassauci, don cinikinmu yake yabo bai sani ba: da yawa daga fatar da Turawa suka jingina wa Maroko ta jar akuyar Sakkwato ce, wadda majema suka jeme da bagaruwa, fatake suka ratsa Sahara da ita.

Sai Alhaji Ba-ta-isa, wanda Ingila ta ga cikakken samfurinsa a jikin Sir Thomas Phillipps. Burinsa ya mallaki kofi ɗaya na kowane littafi a duniya. Ya tara rubuce-rubucen hannu wajen 60,000, ya cika ɗakunan gidansa da akwatuna, bashi ya yi masa katutu, iyali suka sha wuya. Ya rasu a 1872, aka fi shekara 100 ana sayar da tarin bai ƙare ba. Henry Folger na Amurka kuwa littafi ɗaya ya maƙale wa: bugun wasannin Shakespeare na 1623, ya sayi kofi 82.

Mai hankali zai ce littafi don karatu aka yi shi, kulle shi a kabad rowa ce da aka naɗa wa rawani. Maganar tana da nauyi, amma ƙididdiga ba ta goyi bayanta ba. Littafin Zabura da aka buga a Massachusetts a 1640, wajen kofi 1,700 ne. 11 suka rage, domin masu shi sun ƙaunace shi da hannu har ya ƙare. A 2013 an sayar da ɗaya fiye da dala miliyan 14. Mai karatu shi ke cinye littafi, kuma kalmomin ai ana samun su a sabon bugu mai araha. Abin da ba ya maimaituwa shi ne jikin littafin. Haukar Folger ce ta ba masani Charlton Hinman damar jera kofe-kofen Shakespeare yana gwada su shafi da shafi, har ya nuna a 1963 yadda aka riƙa gyaran kurakurai ana tsakar bugu, shi ya sa suka saɓa wa juna. Kofi ɗaya ba zai taɓa faɗin haka ba.

Wanda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne Gwani Mai-gyara. Shi ba ya iya ganin tsufa ya ƙyale. Ya cire bangon asali ya sa mai ƙyalli, ya datse gefen takarda har ya haɗa da sharhin da wani ya rubuta shekara 300 baya, ya wanke warƙa don ta yi fari. Ɗan'uwansa mahauci ne sosai: ya sayi littafin taswira ya yanyanka, kowace ta shiga firam, tunda kashi-kashi ya fi riba. A 1921 Gabriel Wells, dillali a New York, ya samu Baibul na Gutenberg wanda dama bai cika ba, ya warware shi ya sayar warƙa-warƙa. Kowace warƙa kuma sai da aka yi mata bangon fata mai kyau.