Taron da Kowa Ya Ce Madalla

Akwai wata sana'a da ta shigo mana a bayan wayar salula, ana kiran mai ita manajan haja. Ba shi ke ƙera manhaja da hannunsa ba, ba shi ke tallarta ba. Nasa shi ne ya yanke abin da za a ƙera, da wanda za a ƙera wa, da abin da za a bari sai baɗi. Don haka darasin farko da ake ba masu koyon aikin shi ne su je su san mutanen da za su yi amfani da kayan. Sai a shirya taron bita, a kwaso samari da 'yan mata masu digiri daga Yamai ko daga cikin Zinder, a nemi ƙauyen da mota za ta kai ta dawo kafin la'asar. Gaffati tana cikin gundumar Mirriya, ga ta kuma kusa da birnin Damagaram, saboda haka ta cika sharaɗi. Ni dai a ganina irin wannan taro, yadda aka saba shirya shi, ba abin da yake aunawa sai ladabin Damagarawa, wanda kuwa an daɗe da sanin yawansa ba tare da an ƙona man mota ba.

Ga yadda abin kan tafi. A aika wa maigari cewa baƙi na tafe, a tara musu talakawa. Maigari mutum ne mai kishin garinsa, ba zai tura wanda zai ba shi kunya ba, sai ya zaɓo ƙanensa, da liman, da wani gwani wanda ba furojen da ya taɓa sauka a yankin bai halarci taronsa ba, har ya fi ɗaliban iya faɗin ci gaba mai ɗorewa. A jera kujeru wa baƙi, a shimfiɗa tabarmi wa masu gari, mata su zauna can baya inda sauti ba ya kai wa. Ɗalibai su fito da 'yan takardun nan masu launi da aka koya musu mannawa a bango, su tarar bangon na laka ne, ga kuma iskar hunturu, kafin a shafa fatiha rabin binciken ya bi iska, sauran kuma akuya tana nazarinsa. Sannan wani yaro mai hankali ya durƙusa ya karanto tambayarsa: “Baba, da za a kawo maka manhaja mai gaya maka farashin hatsi a kowace kasuwa, za ka yi aiki da ita?” Dattijo ya dubi yaron da ya sha rana dominsa ya ce: “Me zai hana, ɗana? Allah ya yi albarka.” Na biyu ya ce madalla, na uku ya ce abin da malam ya faɗa shi ne. Idan aka yi sa'a wata tsohuwa ta ɓarke da magana mai tsawo tana nuni da hannu, tafinta zai jira ta gama, ya juyo ya ce: “Ta ce ta gode.” Tafinta fa ya zama dole, domin ko da yake tun Maris na 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, takardar tambayoyi ba ta samu labari ba, da Faransanci take zuwa. A raba kuɗin zama, a ɗauki hoto, a koma birni da sakamakon cewa ɗari bisa ɗari na manoma suna ɗokin manhajar.

Kada wani ya ce mutanen nan ƙarya suka yi. An tambaye su ne ko suna son kyauta, a gaban maigari, a kan bakin baƙon da ke riƙe da ambulan, kuma in baki ya ci dole ido ya ji kunya. Shekaru da yawa na ziyarar furoje sun kuma koya wa karkara cewa wanda ya ce ba ya bukata shi ake tsallakewa in rabo ya zo. Laifin na tambayar ne, domin ta shafi abin da bai faru ba, alhali abin da manajan haja ke bukata yana cikin abin da ya riga ya faru, kuma ba ya shigowa ɗakin taro. Ba wanda zai ɗaga hannu ya ce wayar da ke aljihunsa ta gida ce gaba ɗaya, har da saƙon surukarsa a ciki, ko cewa tana yini a rumfar mai caji ranar kasuwa, ko cewa shi ba ya karanta saƙo, murya yake aikawa ta WhatsApp, in kuɗi sun ƙare ya yi bif ya jira a kira shi. Ba ɓoyewa yake yi ba, bai ɗauka labari ba ne. Babbar matsalar kuwa ita ce ta kuɗi: Bahaushen Nijar da dala yake lissafi, dala ɗaya kuma sefa 5 ce, don haka in ya ce ɗari yana nufin sefa 500. Manhajar da ta ce masa ya rubuta adadin da zai aika, shi ya danna 100 da zuciya ɗaya, ta haɗa shi faɗa da matarsa kafin magariba. Haka nan hatsi da tiya yake aunawa, manhaja kuma ta nace sai kilo. Minti goma a tsaye kusa da ma'auni sun isa a gane wannan, amma yini guda na madalla ba zai fito da shi ba.

Ba ni kaɗai nake hasashe ba, akwai shaidu. M-Pesa ta Kenya, wadda kowane taro sai an ambace ta, an gwada ta ne a 2005 don biyan bashin wata ƙungiyar ba da ƙananan rance. Masu gwajin suka lura mutane sun karkatar da ita suna aika wa junansu kuɗi, sai suka bi mutanen, kamfanin Safaricom ya fito da ita a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Ba a ɗakin taro aka gaya musu ba, a sawun kuɗin suka gani. A nan gida kuma, masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta nuna cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, ba tare da wata manhaja ba, kira kawai. Ma'ana, abokin gasar manhajar yaron nan shi ne wani ɗan uwa da ke zaune a Kasuwar Dole ta Damagaram, wanda ke faɗin farashi, ya ƙara da labarin wanda ya yi aure. Shaidar da ta fi kusa ma tana tsaye a gonakin Mirriya da Magarya da Matamai. An daɗe ana raba dashen itatuwa ana tafi suna bushewa, manoma kuwa tun tsakiyar shekarun 1980 suka shiga barin tohon gawo a gonakinsu suna sassabe masa, masana ba su auna girman abin ba sai bayan shekara ashirin.

Mai shirya taro zai ce duk ya ji, amma lokaci da kuɗi ba su isa a bi mutane gida gida ba, ɗaki kuwa yana tara mutum talatin a zama ɗaya. Amsata ita ce mutum talatin da suka maimaita maganar liman mutum ɗaya ne. Jakob Nielsen, wanda masu wannan sana'a ke girmamawa, ya rubuta tun 2000 cewa gwada haja a hannun mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya, yana tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani da ita. Kuɗin hayar kujeru da janareto sun fi na kabu-kabun da zai kai ɗalibi wurin mutum biyar. Wani kuma zai ce ai mutane ba su san abin da suke so ba sai an nuna musu, don haka tambayar ma ɓata lokaci ce. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa na ce a daina tambayar me suke so. Amma mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo ko da bai san sunan kwanon da za a saya ba. A tambaye shi yaushe rabon da ɗansa ya aiko da kuɗi daga Kano, ta hannun wa suka zo, ta kamfanin Nita ko ta direba, nawa aka cire, wa ya je karɓa. Nan za a ga dattijon da ya ce madalla ya gyara zama.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, wato yaro baƙo da littafi a hannu, tsaye yana kallon mai awo yana rubutu, kowa zai ɗauka ɗan haraji ne, kafin ya buɗe biro farashi ya canza, rabin buhunan sun shige ciki. Wannan haka yake, kuma maganinsa ba komawa ɗakin taro ba ne. A fara da gaida maigari, wannan ba a tsallake shi, sai dai a roƙe shi izinin yawo maimakon jerin sunaye. A sa littafi a aljihu, a sayi tiya guda, a zauna a fada har shayi na uku, wanda a kansa ne samari ke fara kukan abin da kamfanin waya ya yi musu. 'Yan mata cikin ɗaliban su shiga gidaje, inda masu ƙuli-ƙuli da masu adashi ke juya kuɗin da ba ya zuwa taro. Ladan lokaci kuma a biya shi, musamman da damina, domin wanda aka tsayar daga noma an ci masa yini, amma a ba shi tun farko, a ce masa ko ya kushe abin nasa ne.

Saboda haka, malamai masu shirya bita, in kun kawo ɗalibanku Gaffati, ku sallami mai kujeru, ku raba su biyu biyu, ku hana su faɗin “da za a kawo”. Wanda ya dawo da yamma ya ce kowa ya yaba, ku mayar da shi gobe.